Binciken Na'urorin Ƙananan Jiragen Sama: Kada A Sa Hannu Ba A Duba Ba

Idan hunturu ya kama, hazo ya rufe sararin sama tun daga Tawa har Damagaram, matuƙin ƙaramin jirgi ba ya ganin ƙasa, wani lokaci ma ba ya iya rarrabe inda sama ta ƙare da inda ƙasa ta soma. Abin da ya rage masa shi ne ƴan allurai da ke gabansa: mai nuna tsawon da ya hau, mai nuna gudu, da mai nuna arewa. Ransa da na wanda ya ɗauko, ko marar lafiya ne da za a kai asibitin Yamai, ko ma'aikacin yaƙi da fara, ya rataya ga gaskiyar waɗannan allurai. Injin da ya samu matsala yakan yi tari, ya fid da hayaƙi, kowa ya ji. Ma'aunin da ya lalace kuwa sai ya ci gaba da nuna lamba cikin natsuwa, alhali ƙarya yake yi.

Saboda haka ne ƙasashe suka ɗora wa'adi bisa kowace na'ura. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, doka ta ce kowane jirgi a yi masa babban bincike sau ɗaya a shekara, irin abin da masu mota suka sani da bizit; wanda ke ɗaukar mutane da kuɗi kuma a ƙara duba shi kowace awa 100 ta tashi. Ma'aunin tsawo, wato altimita, tare da bututun da ke kai masa iska, sai an gwada su cikin wata 24 kafin a yarda jirgi ya yi tafiya da na'ura kaɗai. Haka ma na'urar da ke amsa wa radar, wata 24. Mai kama siginar VOR, wadda ke nuna hanya, kwana 30 kacal aka ba ta.

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa ga jirgi mai kujera huɗu. Ya kamata ya san yadda abin yake aiki. Ma'aunin gudu yana samun labari ne daga wani ɗan bututu da ke fuskantar iska, mai sunan Pitot, injiniyan Faransa da ya ƙirƙiro shi a 1732. Altimita kuma nauyin iska take aunawa ta wasu ƴan ramuka a jikin jirgi. Bakin bututun nan ƙarami ne, daidai irin wurin da zanzaro yake nema don ya yi ɗakinsa na laka. Duk wanda ya ga abin da zanzaro ke yi wa ramin makulli a ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ya gane hatsarin.

Ran 6 ga Fabrairu 1996 wani jirgin kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Puerto Plata, a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi wajen mako uku a ajiye ba a rufe bututunsa ba, kuma masu bincike sun fi zargin gidan zanzaro ne ya toshe shi. Ran 2 ga Oktoba na shekarar, jirgin Aeroperú ya faɗa teku kusa da Lima da mutum 70, don an manta da salatif da aka liƙe ramukan iska da shi lokacin wanke jirgi. Waɗannan manyan jirage ne masu ma'auni biyu-biyu da uku-uku. Ƙaramin jirgi sau da yawa bututu guda gare shi, yana kuma kwana a fili cikin ƙura da zafin bazara.

Akwai binciken da ba ya bukatar ko dala. Kafin tashi, matuƙi yana karɓar nauyin iska na ranar daga hasumiya, ya sa a altimita, ya duba ko ta nuna tsawon filin da yake tsaye. Filin jirgin Yamai yana bisa teku da mita 223. In allura ta kauce da fiye da ƙafa 75, wato wajen mita 23, jirgin na makaniki ne, ba na sama ba. Kuskuren hektopaskal ɗaya yana kawo kusan mita 8. Na goma ya kai mita 80, abin da ya isa ya haɗa jirgi da tudu ko eriya a ranar hazo.

Sai na'urar neman ceto, wadda ke aika sigina da kanta in jirgi ya faɗi. Dokar Amurka ta ce a duba ta kowane wata 12, a canza batirinta in rabin rayuwarsa ya wuce. Tun 1 ga Fabrairu 2009 taurarin ɗan Adam suka daina sauraron tsohon zango na 121,5, suka koma ga megahaz 406. Jirgin da ya sauka dole tsakanin Agadas da Bilma da tsohuwar na'ura, ko da mataccen batiri, neman sa cikin Tenere zai iya daɗewa fiye da ruwan da ke cikinsa.

Ƙasar Nijar ba ta rasa masana ba. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, tana kula da na'urorin da ke ƙasa, kuma makarantarta ta EAMAC tana Yamai tun 1963. Amma siginar da ta fito daidai daga ƙasa ba ta amfanin jirgin da na'urarsa ta karkace. Nan ne nauyi ya koma kan mai jirgi da makanikinsa. Kayan awo na da tsada, gaskiya ne, kuma jirgin da aka tsayar ba ya kawo kuɗi. Wannan shi ke jawo wasu su nemi a sa hannu a karne a bar awon sai wata rana. Ya wajaba hukumar jiragen sama ta farar hula ta riƙa neman takardar awon kanta, da lambobin da aka samu da sunan wanda ya auna, ta kuma hana tashi ga duk jirgin da wa'adinsa ya wuce, ko na wane ne.