Malam, Bar Jam'iyyarka a Ƙofar Aji

Jama'ar zango, mun kai 'ya'yanmu makaranta domin karatu da lissafi, ba domin malam ya zaɓa musu jam'iyya ba. Ai mun ga irinta a Gana. A 1960 aka kafa Young Pioneers, aka riƙa koya wa yara yabon Nkrumah. A 1966 soja suka tuɓe shi, aka rushe ƙungiyar. To, wa ya mayar wa yaran lokacin da aka ɓata musu?

Malam, ko NDC ka ke so ko NPP, ga akwatin ƙuri'a nan. Ajinka ya haɗa ɗan mai goro da ɗan mahauci, iyayensu kuwa ba bakinsu ɗaya ba. Koya musu yadda a ke zaɓe, ka bar musu zaɓin. Amana ce, Allah zai tambaye ka. Wassalam.