Silifa da Kubutai a Bakin Hausawan Wagadugu

Kalmar silifa, wadda Hausa ta aro daga Ingilishi, asalinta sunan takalmi ne mai taushi da Turawa ke sawa cikin ɗaki saboda sanyi, amma a bakin Bahaushe ta zama takalmin roba da ake alwala da shi, a tuɓe a ƙofar masallaci. A unguwar Wemtenga ta Wagadugu, inda Faransanci ne harshen makaranta, silifa tana gogayya da kalmar "tapet" ta 'yan kasuwa. Abin takaicin shi ne kubutai, wato takalmin fata mai rufaffen gaba irin ɗinkin dukawan Kano, ya fi dacewa da ma'anar farko, sai dai ya ƙaura daga bakin matasa. Ya kamata marubuta su dawo da shi.