Wa Ya Kangare a Ramin Zinare?



Kalmar wannan makon ta Sinanci ce: 违抗, ana furta ta "wei-kang". Wei saɓawa ne, kang kuma turjiya. Idan an haɗa su, ma'anar ita ce a ba ka umarni, ka ji sarai, ka ƙi bi. Don saurin riƙewa ku tuna da tamu "kangara", duk da cewa amo ne kawai ya zo ɗaya.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Gummi da yaren Sin? Da ruwansa. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, ta ba 'yan ƙasashen waje awa 48 su bar wuraren haƙa. A Afrilun 2020 sai ga 'yan sanda sun kama 'yan Sin biyu a ƙauyen Kwali na Bukkuyum bisa zargin haƙa ba izini. Abin da aka zarge su da shi yana da suna a yarensu: weikang.

Yanzu ku dubi alƙalaminmu. Talakan Bagega da yunwa ta mayar rami, mu ce mai taurin kai, mai kunnen ƙashi. Wanda ya zo da manyan injuna da ɗaurin gindi, baƙo ne ko ɗan gida, mu ce mai zuba jari ne da ya samu matsalar takardu. Laifi ɗaya, suna biyu. Tsoro ne ke sa mu haka, muna kiransa ladabi.

Alhali talakan nan ya riga ya biya kuɗin zinare da 'ya'yansa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bayan wannan rashi kuma mu ƙara masa da baƙin suna shi kaɗai?

Hausa ba ta rasa kalmomi ba: saɓawa, bijirewa, turjiya, bore, tawaye, kowace da nauyinta. An ɗage haramcin a Disambar 2024, baƙi za su ƙaru, labarai ma haka. Ka auna kalma da aikin da aka yi, kada ka auna ta da aljihun wanda ya yi. In ka rubuta "bijirewa" a kan mai shebur, to ka rubuta ta a kan mai katafila.