Bayan Mace Ba Na Jaki Ba Ne

'Yan'uwana mata, yau faɗa na zo yi, kuma da mu kanmu zan fara kafin in je kan mazajenmu. Faɗan kuwa a kan kalma guda ne, kalmar da ta cinye bayan mata da yawa a ƙasar nan, wato "sanyi".

Akwai wata ƙanwar mahaifiyata a nan Karaye, mace mai kazar-kazar, wadda kafin hantsi ta gama surfe ta ɗora sanwa. Shekara biyu tana kukan baya. Duk tsohuwar da ta kai wa kuka sai ta ce, "Yi hanƙuri ɗiyata, sanyi na, kowace macce da shi taka kwana." Sai a aiki yaro wurin mai kemis ya sayo haɗi, ƙwayoyi ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda, ba suna ba takarda. Ta sha ta ji dama-dama, ta koma bakin turmi. Sai da ta rame, tana zufar dare, ƙusumbi ya ɓullo mata a tsakiyar baya, ƙafafu suka fara ja, sannan aka kwashe ta zuwa Birnin Kebbi. Hoto ya nuna tarin fuka ne ya ci ƙashin bayan. Cutar da ake ba da maganinta kyauta a asibitin gwamnati! Ta rayu, amma har yau sai da sanda take fita tsakar gida. To ina sanyin?

Ya ke 'yar'uwa, gadon bayan nan naki ƙananan ƙasusuwa 33 ne aka jera, a tsakanin galibinsu akwai wani ɗan faifai mai taushi kamar matashi, ta cikinsu kuma lakar da ke aika saƙo zuwa ƙafafu ta bi. Yanzu ki duba abin da muke ɗora masa. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ki sunkuya ki fizgo ta da goyo a baya, wani lokacin ga ciki a gaba. Shara a duƙe, wanki a duƙe, tuƙin tuwo a duƙe, turara shinkafa a duƙe. Ga shi mai ciki jijiyoyin ƙugunta saki suke yi don shirin haihuwa, ba su gama komawa ba an sake ɗaukar wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma mata sun fi yawa a ciki. Duk sanyi ne ya kama su?

Haɗin nan kuwa wallahi bashi ne da ruwa. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac, in aka lazimce su, suna ƙona ciki su kawo gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. Tramadol in ta kama mace ba ta sakinta da sauƙi. Ku kuma 'yan mata masu shan sha-ka-fashe don a yi ƙiba kafin biki, ku sani yawancinsa akwai dexamethasone a ciki, yana sa ƙashi ya yi rauni, yana iya kashe kan ƙashin ƙugu yarinya ta dawo tana ɗingishi tun ba ta kai talatin ba. Wane ango ne ya cancanci wannan?

Na san za a ce, ai ga Aliero nan kusa da mu, garin albasa da ɗori, wanda har daga ƙasashen maƙwabta ake kawo masu karaya. Ban raina gadon iyaye ba, mutane da yawa sun shiga a ɗauke sun fito da ƙafarsu. Amma mai ɗori karaya da targaɗe da gocewar ƙashi ya gada. Ba shi da idon da zai ga tarin fuka a cikin ƙashi, ko ciwon ƙoda da ke fitowa kamar ciwon baya, ko ƙugun mai sikila da jini ya daina isa gare shi. Ko karayar ce ma, a fara yin hoto mana, me zai rage? Kuma in an ɗaure hannun ɗanki da karare kika ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi, yaro yana ihu ba ya barci, kada ki jira gari ya waye. Jini ne ya tsaya, cikin sa'o'i nama yake mutuwa, ƙarshenta yankewa.

Za a kuma ce asibiti kuɗi. Gaskiya ne. Amma ki lissafa kuɗin haɗin shekara biyu, ki haɗa da na anko da gudunmawar biki, ki gaya min wanne ya fi. Ga asibiti a Jega da Aliero da Maiyama, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Birnin Kebbi ko Sakkwato, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959. Akwai masu gashin ƙashi da aikinsu ke nan, su koya miki motsa jikin da zai ƙarfafa bayanki.

Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin 'yan makonni in an rage masa kaya, kuma kwanciya kwana da kwanaki ƙara sandarar da shi take yi. Ki ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda. Ki zauna a kujera 'yar tsugunno in za ki yi wanki. In za ki ɗaga kaya ki tsuguna, ki jawo shi jikinki, ki miƙe da ƙarfin cinya. Ki raba ruwan gida biyu. Ki sha nono, ki ci ƙananan kifi da ƙayarsu, ki bari hantsi ya taɓa jikinki. Amma in ciwo ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari ya fara kufce miki, ranar nan ba ranar haƙuri ba ce, ranar mota ce.

Kai kuma maigida, in 'yarka ta karanta maka wannan: jakinka in ya yi miki a baya, sauke masa mangala kake yi har ya warke. Kuɗin niƙa da na mai ruwa nawa suke? Uwar 'ya'yanka ba ta kai jakin ba ne?

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gobe in maƙwabciyarki ta dafa ƙugu ta ce wash, kada ki ce mata sanyi ne. Ki tambaye ta tun yaushe, ki yafa mayafinki ki raka ta. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.