Faɗakarwa a kan Takardar Rantsuwa da ake Haɗawa da Roƙo a Kotu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani akwai wata musiba da ta game mu a ƙofofin kotuna, ita ce mutum ya dangwala yatsa ko ya sa hannu bisa takardar rantsuwa, alhali kuwa bai san abin da ke cikinta ba. Ni ban yi boko ba, kuma da yawanku kamata kuke, don haka maganar nan ta shafe mu fiye da kowa.

Ga yadda al'amarin yake. Idan shari'a tana gaban Babbar Kotu, sai ɗaya daga masu husuma ya buƙaci wani abu kafin hukunci, kamar belin wanda aka tsare, ko hana sayar da gonar da ake jayayya a kanta, ko ƙarin kwanaki, to lauyansa zai shirya takardu uku. Ta fari takardar roƙo, mai faɗin abin da ake nema. Ta biyu takardar rantsuwa, mai jera abin da ya auku ɗaya bayan ɗaya. Ta uku bayanin lauya, inda yake kawo hujjojin doka. Sa'an nan a kai su wurin magatakardan kotu, a biya kuɗin da aka yanka, a karɓi rasit, a buga hatimi, a aika wa abokin husuma nasa domin ya amsa.

To, ku lura da kyau. Ta fari da ta uku maganar lauya ce, nauyinsu yana wuyansa. Amma ta tsakiya maganarka ce kai da ka rantse a gaban kwamishinan rantsuwa, kuma a kanta alƙali yake dogara, domin galibi ba ya kiran shaidu a kan roƙo. Ashe takardar nan ita ce bakinka, ita ce shaidarka. In ƙarya ta shiga cikinta, kai ne mai shaidar zur, ko da wani ne ya riƙe alƙalami.

Mu da muka karanta fiƙihu ba baƙon abu ba ne wannan a gare mu. Ibnu Asimi na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya gindaya wa da'awa sharaɗi biyu a cikin Tuhfa: mai ƙara ya haƙƙaƙe abin da yake da'awa, kuma ya bayyana shi. Da'awar zato ba a sauraronta. Kuma mun san i'izari, watau ba a yanke wa mutum hukunci sai an tambaye shi ko yana da sauran hujja. Abin da ya sa ke nan ake kai wa abokin husuma takardun, shi ma ya rantse tasa ta martani. Roƙon da ake yi a bayan idonsa ba a karɓarsa sai da larura ta gaggawa, kuma umarnin da aka bayar a kansa ɗan lokaci ne.

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 115, ta hukunta kada a sa komai cikin takardar rantsuwa face abin da mai rantsuwa ya sani da kansa, ko abin da aka faɗa masa ya gaskata, kuma in ji ya yi, lalle ya ambaci wanda ya faɗa masa da lokaci da wuri. Wannan kuwa ɗan'uwan isnadi ne. Sashe na 119 kuma ya hukunta cewa wanda ba ya iya karatu, ko makaho, sai an rubuta shaidar an karanta masa, ko an fassara masa da harshensa, kuma an ga alamar ya fahimta.

Wani zai ce, ai lauya ya fi ni sani, kuma ɗana yana tsare, ina lokacin karatu? Na ji, kuma zafin uba ba abin raini ba ne. Amma lauya ya fi ka sanin doka ne, bai fi ka sanin ranar da aka kama ɗanka ba, ko iyakar gonarka. In aka rubuta Talata alhali Laraba ce, abokin husuma zai kama wannan, roƙon ya faɗi, yaron ya ƙara kwana a kurkuku. Gaggawar ta haifi nawa ke nan. In kuwa da gangan aka ƙara gishiri, kai ka sani ka yi shiru, to rantsuwar gamusu ce, mai nitsar da mai ita, ban da ɗaurin da dokar ƙasa ta tanada wa mai shaidar ƙarya.

Saboda haka ga nasihata. Kada ka sa hannu sai an karanta maka sakin layi bayan sakin layi da Hausa. Abin da ba ka gani ba, ka ce a rubuta wanda ya gaya maka. Abin da ba haka yake ba, ka ce a cire shi ko da zai raunana roƙonka. Ka tafi da kanka wurin rantsuwa, kada a kai takarda a bayanka. Ka riƙe taka mai hatimi tare da rasit, ka rubuta ranar zama da ajami a bayanta. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya nemi hukumar agajin shari'a da aka kafa a 1976 domin talakawa.

Ina kuma kira ga alƙalai da magatakarda da su sa a riƙa haɗa fassarar Hausa, da boko ko da ajami, ga kowace takardar rantsuwa ta wanda ba ya jin Turanci. Ku kuma malamai, ku karantar da babin da'awa da shaida kamar yadda kuke karantar da babin tsarki, domin almajiran da ke gabanku yau su ne za a kira shaida gobe.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga zur. Haza wassalam.