Kundin Ƙwallon Gem da Cutar Ƙidayar Shafuka

Akwai wani ra'ayi da ya yi rinjaye a tsakanin samarinmu masu ilmin zamani, da waɗanda karatu ya zaunar a Samaru da takwarorinsu masu sana'ar waya a Sabon Gari, waɗanda suka ɗaura niyyar rubuta bayanin wasannin kwamfuta da Hausa a cikin kundayen nan na intanet da kowa ke iya sa wa hannu, watau cewa hanyar tsara wannan aiki ita ce a ɗauko kundin Turanci yadda yake, a bi shi shafi bayan shafi, kowace fitowar wasa da shafinta, kowace ƙungiya da nata, kowane ɗan wasa da nasa, sa'an nan a riƙa auna ci gaba da adadin shafukan da aka buɗe. Niyyarsu kyakkyawa ce, himmarsu kuma ta cancanci yabo, amma ra'ayin ɓatacce ne tun daga asalinsa, kuma lalle in aka ci gaba a kansa, abin da za a samu a ƙarshe shi ne tarin shafuka marasa mai karatu, alhali abin da ya wajaba a rubuta yana nan yana salwanta.

Kafin in shiga mas'alar, akwai dattawa da za su ce ai wasa lagawu ne, bai cancanci tawada ba. Jawabinsu gajere ne. Ibn Nadim, wanda ya tsara littafinsa Fihirisa a Bagadaza wajen shekara ta 987, ya kawo sunayen waɗanda suka yi talifi a kan wasan shaɗaranji, irin su Adli da Suli, a cikin littafi ɗaya da malaman nahawu da fiƙihu, domin abin da ya cinye lokacin mutane ya zama wajibi a san haƙiƙarsa, ko don a yi hukunci a kansa da sani.

Mu ɗauki wasan da ya fi kowane shiga jinin yaran Zariya, watau ƙwallon ƙafar kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda ya fara fitowa da sunan Winning Eleven a 1995, aka san shi da Pro Evolution Soccer daga 2001, sa'an nan aka mai da shi eFootball a 2021, aka bar shi kyauta ga mai waya da data. Shekara ashirin ana fito da sabo kowace shekara, a kowace fitowa kuma akwai ƙungiyoyi masu yawa da dubban 'yan wasa, kowanensu da lambobin gudu da ƙarfin bugu da juriya. Wanda ya ce zai buɗe wa kowane ɗaya shafi ya ɗauki aikin da jama'a mai yawan gaske take yi da Turanci, alhali masu rubutu da Hausa a wannan fanni ba su fi a ƙirga su a zaure ɗaya ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: sai a koma ga injin fassara, a zuba masa Turanci ya amayo wata Hausa wadda Bahaushe bai taɓa furtawa ba, a liƙa ta, a ƙara ɗaya a kan adadi, a wuce gaba.

Duniya ta riga ta gwada wannan hanya ta ga ƙarshenta. Wikipedia ta harshen Sebuwano na ƙasar Filifin tana da miliyoyin shafuka, har ta shiga sahun gaba a duniya wajen adadi, amma mafi yawansu wata manhaja ce da wani mutumin Suwidin mai suna Sverker Johansson ya ƙirƙira ta zuba su, ba masu harshen ba. A 2020 kuma aka gano cewa kaso mai yawa na Wikipedia ta harshen Sikotawa wani matashi Ba'amurke ne ya rubuta shi, wanda bai iya harshen ba, da kyakkyawar niyya ya yi wa harshen ɓarnar da aka daɗe ana gyara. Hatta Turawan da ake yi wa taƙlidi, da suka ga kowace halitta ta wasan Pokémon ta samu shafinta a Wikipedia ta Turanci, wajen 2007 sai suka tattara mafi yawansu suka mai da su jeri a cikin shafuka kaɗan, suka bar tafsilin ga kundayen masoya wasan. To, in masu yawan hannu sun ga maslaha a taƙaitawa, mene ne hujjar masu ƙarancin hannu a kan warwatsawa?

Akwai kuma wata illa da ta keɓanta da wannan wasa. Tun da ya koma eFootball, lambobin 'yan wasa ba su da tabbas, kamfani na sabunta su a kai a kai, kuma ɗan wasa guda yana iya samun kati iri-iri, kowanne da ƙarfinsa. Shafin da aka rubuta bana, baɗi ya zama mansuhi, mai karatu kuwa ba shi da hanyar sanin wanne ne ya shafe wanne, tun da marubucin ya tafi bautar ƙasa, ba wanda ya gaji shafin. Bayanin da ya tsufa ba tare da an nuna tsufansa ba ya fi rashin bayani cutarwa, domin yaro zai ɗauke shi da yaƙini ya tafi yana gardama da shi.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙin tsara ilmi ba ne, kuma abin takaici ne a ce matashin da ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ya manta darasin da ke cikin tsarinsu ranar da ya zauna gaban kwamfuta. Ba ina daidaita wasa da ibada ba ne, Allah ya kiyaye. Usulubin talifi kaɗai nake nufi. Waɗannan malamai sun gabatar da tsarki kafin salla domin sun dubi buƙatar almajiri, suka tambayi kansu abin da zai fara cin karo da shi, suka ajiye matani gajere wanda za a iya riƙewa, suka bar faɗaɗawa ga sharhi da hashiya. Haka ya kamata kundin wasan nan ya kasance. A yi asali guda ɗaya, shafi mai ƙarfi wanda aka rubuta da hannu, aka tace Hausarsa, yana bayanin mene ne wasan, wa ya yi shi, yadda ya sauya daga faifan PlayStation 2 zuwa wayar hannu. A ƙarƙashinsa a yi babuka bisa ga abin da mai wasa ke nema, kamar yadda ake sarrafa fad, watau abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasan da shi, da jera 'yan baya da 'yan tsakiya, da bugun tazara da fenariti, da yadda wasan ke cin data. Fitowar shekara-shekara ta zama fasali a cikin babin tarihi, 'yan wasa kuma su shiga jadawali mai ɗauke da kwanan watan da aka duba lambobin. Kada a buɗe wa wani abu shafin kansa sai bayaninsa ya yi yawan da babinsa ba zai iya ɗauka ba, kuma an samu wanda ya yi alkawarin kula da shi.

Amma babbar hasarar da ke cikin bin tsarin Turanci ita ce, ba shi da gurbin da za a ajiye labarinmu, domin waɗanda suka tsara shi ba su san da mu ba. Duk wanda ya tashi a Hayin Dogo ko bayan kasuwar Sabon Gari ya san gidan gem: shago ƙarami mai zafi, talabijin uku ko huɗu a jere, benci ya cika da yara har wasu na tsaye, janareta na ruri a bakin ƙofa, fad ɗin da ya tsage an naɗe shi da salatif, yaron shago kuma yana riƙe da littafi yana rubuta wasa nawa kowa ya buga. A nan aka kafa ƙa'idar cewa wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. A nan ake tada jijiyar wuya a kan hukuncin wasan da wuta ta ɗauke ana tsakiyarsa, ko a sake daga farko ko a riƙe cin da aka yi. A nan yara suka haddace cewa Man Red ita ce Manchester United, North London kuma Arsenal, saboda kamfanin bai mallaki izinin sunayen ba. A nan aka riƙa rigimar wa zai ɗauki Inter Milan a fitowar 2006 saboda bugun Adriano. Waɗannan al'adu suna da ƙa'idoji da lafuzza da tarihi, suna kuma gushewa a gaban idonmu tun da wasa ya koma cikin aljihu, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Babu wani kundi a Landan ko Tokyo da zai rubuta su. Sa'ar da aka ɓata wajen fassara tsawon wani ɗan bayan ƙungiyar Jamus, da an kai ta wurin tsohon mai gidan gem a Kwangila an ɗauki ruwayarsa, an rubuta daga wa aka ji da kuma yaushe, da an ajiye abin da ba shi da madadi.

Zariya ce ma ta fi kowane gari cancantar gane wannan. A nan ne Hukumar Fassara ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East, bayan an fahimci cewa fassarar littattafan wasu kaɗai ba za ta sa Bahaushe ya ƙaunaci karatun boko ba, aka sa gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jikokin waɗanda suka karanta waɗannan littattafai bai kamata su koma matakin da aka baro tun kafin a kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba.

Na san za a ce yawan shafuka shi ke sa injin bincike ya nuno Hausa, shi ke sa a ga muna nan. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Amma yaron da ya buɗe shafi ya tarar da layi biyu na Hausar inji ba zai sake dawowa ba, zai ma tafi da zaton cewa harshensa ne ya gaza, wannan kuwa zalunci ne ga harshen.

Babi ɗaya nake roƙon a fara da shi kafin kowane, shi ne babin kuɗi. Wasan da aka ce kyauta ne yana sayar da sulallan cikinsa da kuɗin gaske, da su kuma ake jan kati ba tare da sanin wanda zai fito ba, sai yaro ya zuba kuɗin makarantarsa yana fatan fitaccen ɗan wasa, ya tashi da wanda ba ya so, ya sake zubawa. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne, har kamfanin EA, mai wasan FIFA a lokacin, ya daina sayar da makin da ake sayen akwatunan da shi a ƙasar a farkon 2019. Uba a Samaru wanda ya ga kuɗi na fita daga asusunsa, da malamin Islamiyya a Sabon Gari wanda ɗalibansa suka tambaye shi hukuncin wannan ciniki, dukansu suna buƙatar a bayyana musu yadda abin ke gudana dalla-dalla da Hausa mai kyau, tun daga sayen sulalla har zuwa jan katin, domin malami ba zai yi fatawa a kan abin da ba a sawwara masa ba.