LAFIYA UWAR JIKI: Yaron da Ya Bugu a Ƙirji

A ƙasar Maiha, can gindin duwatsun Mandara, lokacin mangwaro lokaci ne na faɗowar yara daga kan itace. Sau da yawa iyaye kan lalubi haƙarƙarin yaro, in ba su ji karaya ba sai hankalinsu ya kwanta. Nan kuwa kuskuren yake, domin ƙashin yaro ɗanye ne, yakan lanƙwashe bai karye ba, alhali huhu ya bugu.

Saboda haka idan yaro yana numfashi sama-sama, ko yana tarin jini, sai a garzaya da shi asibiti, ko da ta kama a je Mubi. Likita zai saurari ƙirjin tukuna, sa'an nan ya sa a ɗauki hoton eksire.

Amma babban hoton nan na CT, wanda aka soma a Ingila a 1971, haskensa ya fi na eksire ƙarfi ninkin ba ninkin, yakan kuma ƙara wa yaro haɗarin ciwon daji nan gaba. Akan yi shi ne in eksire ya nuna abin tsoro, ko wani abu ya huda ƙirjin, ko hatsarin ya yi muni ƙwarai. Uban da ya matsa a yi shi ba bisa dalili ba, bai yi wa ɗansa gata ba.